Kafin a sayi sabuwar saba, a duba yadda ake aika mata aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wani koke da ke dawowa duk lokacin da makarantun gaba da sakandare suka ɗauki sababbin ɗalibai. Yaro zai biya kuɗin rajista, ya karɓi rasit, amma ya kwashe kwana uku ko mako guda yana zarya zuwa ofishin kwamfuta saboda sunansa da kalmar sirrinsa sun ƙi buɗe masa shafin makaranta, sun ƙi buɗe imel, sun ƙi ba shi intanet ɗin ɗakin karatu. Wani daga Azare ya taso, wani daga Ningi ko Dass, kowa da kuɗin motar da ya ƙirga wa kansa na yini ɗaya, kuma amsar da yake samu ta taga ba ta wuce "saba ce ta yi nauyi, ka dawo gobe." Idan maganar ta kai teburin shugabanni, shawarar da ake yankewa kusan kullum ita ce a nemi kuɗi a sayo sabuwar saba mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke neman bayani a wurinta. Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wata makaranta a jihar Bauchi, na kuma daɗe ina cikin masu ba da waccan amsa ta taga, don haka ina ganin ya zama wajibi in bayyana abin da na gano da hannuna: a lokuta da dama laifin yana cikin yadda muke aika wa sabar aiki, kuma gyaransa bai kai kuɗin buhun masara ba.

Bari in fara da bayanin na'urar da ake magana a kanta, domin masu karatu da ba wannan ne fagensu ba. A yawancin manyan ma'aikatu akwai wata saba, wadda wasu ke kira uwar garke, da aikinta shi ne riƙe kundin sunayen mutanen wurin: sunan kowa, lambarsa, sashensa, kalmar sirrinsa, da ƙungiyoyin da yake ciki waɗanda ke nuna abin da aka yarje masa ya buɗe. Duk lokacin da ɗalibi ya rubuta sunansa a shafin makaranta, shafin yakan juya ya tambayi wannan kundi ko ya san mutumin. Harshen da ake yi wa kundin magana da shi sunansa LDAP, wanda aka fara fitarwa a 1993, kuma Tim Howes na Jami'ar Mishigan da ke Amurka yana cikin waɗanda suka tsara shi, a matsayin hanya mai sauƙi ta shiga wani tsohon tsari mai nauyi da ake kira X.500. Zubinsa na uku, wanda har yau shi ake amfani da shi, ya fito a 1997. Manhajoji biyu ne muka fi cin karo da su a ofisoshinmu: OpenLDAP, wadda kyauta ce kuma aka fara aikinta a 1998, da Active Directory ta kamfanin Microsoft, wadda ta zo tare da Windows 2000.

Abin da ya kamata a riƙe game da irin wannan kundi shi ne an gina shi ne domin a yawaita karanta shi, a kuma taƙaita rubutu a cikinsa. A ranar aiki ta yau da kullum ana iya tambayarsa sau dubbai, amma canjin da ake yi masa bai wuce na mutum biyar da suka manta kalmar sirri ba. Sai lokacin rajista ya zo, ofishin jarrabawa ya miƙo mana jerin sunaye dubu goma sha biyu a rana ɗaya, sababbi da tsofaffin da suka canza aji, a ce a shigar da su kafin Litinin. Ba mai iya yin wannan da hannu, don haka mukan rubuta ɗan jerin umarni, wanda muke kira sikirif, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya yana shigarwa.

Sikirif ɗin da na gada a wurin aikina yana yin aikinsa daidai, kuma ba na raina wanda ya rubuta shi, domin a zamaninsa ɗaliban ba su kai haka yawa ba kuma sabar tana cikin ɗakin da ke kusa da shi. Amma daga baya an mayar da kundin wata cibiyar ajiyar bayanai ta haya a Turai, aka bar sikirif ɗin yana gudana daga kwamfutar ofishinmu a Bauchi. Ga kowane suna guda, sai ya tayar da manhajar ldapmodify, wadda ke yin canji a cikin kundin, daga farko, ta ƙulla haɗi da sabar, su yi musayar gaisuwar ɓoye sirri, ta gabatar da sunan mai izini da kalmar sirrinsa, ta yi canjin, sannan ta yanke haɗin. Kowane mataki cikin waɗannan tafiya ce da dawowa tsakanin Bauchi da Turai, kuma a layinmu tafiya da dawowa ɗaya tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Idan aka tara su, suna guda yana ɗaukar kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. A ninka wannan sau 12,000, a samu daƙiƙa 18,000, wato awa biyar cur, idan wuta ba ta ɗauke ba kuma layin bai yanke ba, alhali duk wanda ke zaune a garin nan ya san cewa awa biyar a jere ba tare da ɗaya daga cikin biyun ya faru ba sa'a ce. Da abin ya katse, sikirif ɗin ba ya tuna inda ya tsaya, sai a koma farko. Waɗannan alƙaluma na wurin aikina ne, na auna su da agogo, ban kawo su a matsayin mizanin kowa ba.

Abin da ya ba ni mamaki ranar da na fara duba sabar yayin da sikirif ɗin ke aiki shi ne na tarar da ita kusan a zaune take. Sabar da muke zargi da nauyi tana gama kowane canji cikin ƙiftawar ido, sannan ta zauna tana jiran saƙo na gaba ya tsallako teku. Lamarin ya yi kama da mai awo a kasuwar Muda Lawal wanda ke da ɗan dako guda, kuma ɗan dakon sai ya je har tasha ya ɗauko buhu ɗaya, ya tsaya ya gaisa da mai awo, ya nuna masa takarda, ya sauke, sannan ya koma. Ko an sauya mai awon da wanda ya fi shi sauri sau goma, buhunan ba za su fi haka saurin isowa ba.

Don haka gyara na farko ba shi da alaƙa da raba aiki ko kaɗan. Na sake rubuta sikirif ɗin da harshen Python yadda zai ƙulla haɗi sau ɗaya, ya gabatar da kansa sau ɗaya, sannan ya riƙa tura canje-canjen ta wannan haɗin har ya gama. Da wannan kaɗai kowane suna ya koma tafiya da dawowa ɗaya, kuma awa biyar ta koma minti arba'in. Na kuma ƙara wani abu da na ɗauka ya fi kome amfani, wato kafin a rubuta kome, a fara karanto abin da ke cikin kundin gaba ɗaya, a gwama shi da jerin da aka kawo, a ware waɗanda bayanansu suka canza da gaske. A yawancin makonni, bayan guguwar rajista ta wuce, ɗalibai ƙalilan ne ke da canji, amma tsohon sikirif yakan sake rubuta kowa da kowa. A nan akwai tarkon da ya kamata sabon ma'aikaci ya sani: Active Directory ba ta mayar da sakamako fiye da 1,000 a tambaya ɗaya idan ba a canza saitinta ba, OpenLDAP kuma takan tsayar da mai tambaya na gama-gari a 500, saboda haka dole a nemi sakamakon shafi-shafi, a kuma tabbatar cewa asusun da ake tambaya da shi yana da izinin ganin duka. In ba haka ba, sikirif zai ɗauka sauran mutanen ba sa cikin kundin, ya yi yunƙurin sake ƙirƙirar su.

Sai bayan wannan ne raba aiki ya shigo, kuma ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa zuwa gayya. Maimakon ɗan aike guda ya riƙa kai saƙo yana jiran amsa, sai a tayar da 'yan aike da yawa lokaci ɗaya, kowa da nasa haɗin da nasa kason sunaye, yadda idan wannan yana jiran amsa wancan yana turawa. Kayan aikin duk suna nan kyauta. Mai amfani da Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows, yana da umarnin xargs, wanda ake iya gaya wa adadin ayyukan da zai gudanar a tare, yana kuma da GNU Parallel da Ole Tange ya rubuta. Python tana da sashen concurrent.futures tun zubi na 3.2. Masu Windows kuwa, tun da manhajar ba da umarni ta PowerShell 7 ta fito a 2020, umarnin ForEach-Object ya sami damar gudanar da ayyuka a tare, kuma idan ba a faɗa masa adadi ba yakan tsaya a biyar. Na sha jin matasan masu koyon Python suna cewa harshen ba ya iya aiki biyu lokaci ɗaya saboda wani makulli da ke cikinsa. Maganar tana da tushe idan aikin lissafi ne mai cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma a irin aikinmu da kusan dukansa jira ne, makullin yakan saki yayin da ɗan aike ke jiran amsa daga layi, don haka bai hana kome ba.

Da na raba sunayen tsakanin 'yan aike takwas, minti arba'in ya sauko zuwa abin da bai kai minti bakwai ba. A nan ne zumuɗi ya ɗebe ni, na ce tun da takwas sun yi haka, bari in sa arba'in, wai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Lokacin bai ragu da wani abin kirki ba, sai ma malamai suka fara bugo waya suna cewa shafin shigar da sakamakon jarrabawa ya ƙi buɗewa. Dalilin yana cikin ginin sabar kanta. Rumbun da OpenLDAP ke ajiye bayanai a ciki a yau, wanda ake kira LMDB kuma Howard Chu ya rubuta, yana barin masu karatu da yawa su shiga a tare, amma mai rubutu ɗaya tak yake bari a kowane lokaci, kuma bisa saitinsa na asali sai ya tabbatar kowane rubutu ya sauka a kan faifai kafin ya ce an gama. Sabarmu a lokacin tana iya kammala rubutu kusan arba'in a daƙiƙa, kuma 'yan aike takwas da kowannensu ke kawo biyar a daƙiƙa sun riga sun cika wannan ma'auni. Sauran talatin da biyun da na ƙara layi kawai suka ja a bakin ƙofa. Abin da ya fi muni shi ne sabar tana da iyakar ma'aikatan cikin gida da ke amsa buƙatu, goma sha shida idan ba a taɓa saitin ba, kuma 'yan aikena suka mamaye su, malamin da ya zo tambayar abu ɗaya ya tsaya a bayansu. Ko a gayya, mutum hamsin na iya yankan gero a tare, amma idan aka zo zubawa a rumbu, ƙofa ɗaya ce.

Masana sun daɗe da sanin wannan iyaka. A 1967 wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya nuna cewa sashen aikin da ba ya rabuwa shi ne ke yanke hukuncin iyakar saurin da za a samu. Idan kashi ɗaya cikin biyar na aiki dole a yi shi bi da bi, to ko an tara ma'aikata dubu, saurin ba zai wuce ninki biyar ba. Abin da wannan ke nufi ga ma'aikacin ofis shi ne adadin 'yan aike abu ne da ake aunawa: a gwada biyu, a gwada huɗu, a gwada takwas, ana duba agogo ana kuma duba halin sabar, a tsaya a inda ƙarin ya daina biyan kuɗin sabulu, sannan ma a ɗan ja baya domin a bar wa sauran jama'a hanya.

Amma jinkiri shi ne ƙaramar matsalar raba aiki. Babbar ita ce ɓarnar da ba ta yin ƙara, kuma a kanta nake so in daɗe, domin ita ce ta taɓa kunyata ni. A tsarinmu kowane sabon asusu yana buƙatar wata lamba ta musamman da kwamfutocin Linux ke gane mai fayil da ita. Tsohon sikirif yakan duba lamba mafi girma da ke cikin kundin, ya ƙara ɗaya, ya ba sabon ɗalibi, kuma wannan ba ya kuskure muddin mutum ɗaya ke yi bi da bi. Da 'yan aike suka zama takwas, sai biyu daga cikinsu suka duba a lokaci ɗaya, suka ga lamba iri ɗaya, kowa ya ƙara ɗaya, suka ba ɗalibai biyu lamba guda. Sabar ba ta yi ƙorafi ba, domin ba a saita ta ta hana maimaita wannan lamba ba. Sai bayan makonni wata ɗaliba ta zo ofis cikin ladabi ta ce, "Malam, ina ganin fayilolin wani a cikin ma'ajiyata." Na kwana biyu ina bin asusun ɗaya bayan ɗaya kafin in tsamo duk waɗanda abin ya shafa. Maganin kuwa mai sauƙi ne: duk abin da ke buƙatar a yi shi bi da bi, kamar rabon lamba ko zaɓen sunan shiga ga ɗalibai biyar da duk sunansu Muhammad Abubakar, a gama shi tun a cikin jerin kafin a raba wa 'yan aike, yadda kowane ɗan aike zai tafi da kayan da aka riga aka ɗaure masa.

Haka batun tsari yake. Kundin yana da siffar bishiya, makaranta a sama, tsangayoyi a ƙarƙashinta, sassa a ƙarƙashinsu, sannan mutane. Ba a iya rataya ɗalibi a reshen da ba a riga an ƙirƙira ba. Sabar za ta mayar da kuskure mai lamba 32, ma'ana babu abin da ake nufi. Ba kuma daidai ba ne a sa mutum cikin ƙungiya kafin a buɗe masa asusu. Ka'idar LDAP ta ba saba damar amsa buƙatun da aka jero mata ta kowane tsari da ta ga dama, kuma abin da ta lamunce kawai shi ne canji a kan mutum ɗaya ko dai ya shiga dukansa ko kada ya shiga sam. Saboda haka nakan yi aikin zango-zango: rassa da farko da ɗan aike guda, sannan asusun mutane da 'yan aike takwas, sai an tabbatar kowa ya dawo kafin a shiga zango na uku na ƙungiyoyi. Kuma wajen rabon kaso ina tabbatar da cewa duk canjin da ya shafi mutum ɗaya yana hannun ɗan aike ɗaya, kamar yadda a gona ake ba kowa kunyarsa, ba a barin mutum biyu su sa fartanya a kunya guda.

Ƙungiyoyi su ne wurin da raba aiki ba ya taimakawa ko kaɗan. Ƙungiyar ɗaliban aji ɗaya abu guda ce a cikin kundin, kuma idan 'yan aike takwas suna ta ƙara mata mutum ɗaya-ɗaya, duk a kan abu guda suke turereniya, sabar kuma tana sake sarrafa dogon jerin membobin a kowane karo. Abin da ya fi shi ne a tara sunaye ɗari biyu ko ɗari biyar a ƙara su da umarni ɗaya. Sai dai a kula, a OpenLDAP idan ɗaya daga cikin sunayen ya riga yana ciki, umarnin gaba ɗaya zai faɗi da kuskure mai lamba 20, wanda ya sake dawo da mu kan amfanin gwama jeri da kundi kafin a fara.

Ma'aikatun da ke da harabar aiki biyu ko ofisoshi a garuruwa dabam-dabam, kamar mai hedkwata a Bauchi da reshe a Misau ko Jama'are, sukan ajiye saba fiye da ɗaya da ke kwafar juna. A nan ma akwai rami. Kwafar ba nan take take faruwa ba. A Active Directory, tsakanin wurare biyu da aka ayyana a matsayin mabambanta, tazarar asali minti 180 ce, sai idan an rage ta. Idan aka bar 'yan aike kowa ya zaɓi sabar da ya ga dama, ɗaya zai buɗe asusu a nan, wani ya neme shi a can ya rasa, ko kuma a ƙirƙiri suna ɗaya a wurare biyu, daga baya tsarin ya sauya wa ɗayan suna ya liƙa masa alamar CNF domin nuna an yi karo. Don haka duk 'yan aiken a nuna musu saba ɗaya da sunanta. Kuma ya kamata mai taga ya san wannan tazara, domin wani lokaci ɗalibin da aka ce ya dawo gobe, awa uku kawai yake buƙata.

Game da wuta da layi, waɗanda su ne ainihin yanayin da muke aiki a ciki, dole sikirif ya zama mai iya ci gaba daga inda ya tsaya. Kowane ɗan aike yana rubuta sakamakon kowane suna a littafin aikinsa na kansa, domin idan takwas suka rubuta a fayil ɗaya layukan sukan cakuɗe, sannan a haɗa su a ƙarshe. Idan sabar ta ce asusun ya riga ya wanzu, wato kuskure mai lamba 68, sikirif ya duba ko bayanan sun dace ya wuce, kada ya tsaya. Idan ta ce aiki ya yi mata yawa, lamba 51, ya dakata kaɗan ya sake gwadawa, yana ƙara tsawon dakatawar a kowane karo. Idan kuwa ta ce kalmar sirrin mai izini ba daidai ba ce, lamba 49, to kowa ya tsaya nan take, domin 'yan aike takwas da ke ta maimaita kalmar da ba daidai ba za su iya sa a kulle asusun cikin daƙiƙa, a wurin da aka saita kullewa bayan kuskure kaɗan, kuma sau da yawa wannan asusun ne wasu manhajojin makaranta ke dogaro da shi. Shi ya sa nake gwada shiga sau ɗaya kafin in saki kowa. A ƙarshen aiki kuma lissafi ya fito: sunaye nawa aka karɓa, nawa suka shiga, nawa aka tsallake, nawa suka faɗi da dalilinsu, kuma jimillar ta yi daidai da abin da ofishin jarrabawa ya kawo.

Akwai wani ɓangare da muke yi wa riƙon sakainar kashi. Jerin da muke sarrafawa yana ɗauke da sunayen 'ya'yan mutane, ranakun haihuwarsu da lambobin wayarsu, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. Na ga sikirif da aka rubuta kalmar sirrin babban mai izini a fili cikinsa, ana yawo da shi a filasha daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Na kuma ga wanda, domin neman sauri, ya cire ɓoye sirrin haɗin ya koma tura kome tsirara ta ƙofar shiga sabar mai lamba 389, alhali da ya riƙe haɗi ɗaya ta ƙofa 636, ko ya kunna ɓoyewar a kan 389 ɗin, gaisuwar da yake gudu sau ɗaya kawai zai yi ta. Asusun da sikirif ke amfani da shi a ba shi izinin reshen ɗalibai kaɗai, domin kuskuren da a da zai ɗauki awa biyar yana yaɗuwa, har wani ya lura ya tsayar, yanzu cikin minti bakwai zai gama da kowa. Saboda wannan dalili ba na sakin sikirif a kan kundin gaske sai na ɗauki kwafin ajiya, na gudanar da shi a yanayin gwaji da yake faɗin abin da zai yi ba tare da ya yi ba, sannan na fara da mutum ashirin na duba su da ido.

Gaskiya ta sa in ambaci hanyoyi biyu da suka fi duk abin da na lissafa sauri. Ta farko ita ce a gudanar da sikirif ɗin a kwamfutar da ke cibiya ɗaya da sabar, inda tafiya da dawowa ba ta kai a ƙirga ba. Da mun sami wannan izini tun farko daga ɗan kwangilar da ke riƙe da makullan, da rabin wannan wasiƙa ba ta taso ba. Ta biyu ta shafi wanda ke kafa sabon kundi daga tushe: OpenLDAP tana da manhajar slapadd da ke zuba bayanai kai tsaye cikin rumbu yayin da sabar ke kashe, kuma ba a haɗa saurinta da na bin layi. Sai dai ba ta bin duk binciken da hanyar yau da kullum ke bi, kuma ba a kashe kundin makaranta ana tsakiyar rajista.

Ban ce babu sabar da ta cancanci a yi mata ritaya ba. Idan aka auna aka ga faifanta ne ke jan ƙafa wajen rubutu, ko ƙwaƙwalwarta ta kasa ɗaukar kundin, to sayen sabuwa ya halatta, kuma sau da yawa sauya faifan da irin na zamani marar juyawa ya wadatar. Roƙona ga shugabannin makarantu da manyan sakatarorin ma'aikatu a Bauchi da maƙwabciyarmu Gombe shi ne, idan takardar neman kuɗin sabuwar saba ta iso teburinsu, su nemi a haɗo ta da shafi ɗaya da ke nuna minti nawa aikin yake ɗauka yanzu, kashi nawa na wannan lokaci sabar ke aiki da kashi nawa take jira, da abin da aka samu bayan an gwada riƙe haɗi ɗaya da 'yan aike huɗu. Ga malaman da ke koyar da kimiyyar kwamfuta kuma, ina ba da shawarar su sa ɗalibansu su kafa OpenLDAP a kwamfutar ɗakin gwaji, su ƙirƙiri sunayen bogi dubu goma, su auna lokacin da ɗan aike ɗaya, huɗu, da arba'in za su ɗauka, sannan su nemo lambobin da suka maimaitu. Darasin mako guda ne, kuma kwamfutar da ke ɗakin ta isa.

A rajistar da ta gabata, ofishin jarrabawa ya miƙo mana jerin bayan la'asar ranar Alhamis. Na gudanar da gwaji, na gyara sunaye goma sha ɗaya da aka rubuta lambarsu sau biyu, na saki 'yan aike shida, kuma kafin a kira magariba na aika wa magatakarda lissafin waɗanda suka shiga. Sabar ita ce dai wadda aka rubuta takarda a kanta shekara biyu da suka wuce cewa ta tsufa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Wani ma'aikacin sashen kwamfuta,
Unguwar Jahun, Bauchi.